BINDIGA BA TA SAN SARKIN BAKA BA

Duk wanda ya fito daga Jimeta ya haye gadar kogin Binuwai ya nufi arewa, ba zai yi nisa ba zai shiga Vinikilang, a cikin Ƙaramar Hukumar Girei. Daga nan hanya ta miƙe sai Girei, sai Song, sai Gombi, har zuwa Hong da Mubi. 'Yan Adamawa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal waɗanda suka daɗe ba su leƙa gida ba, in sun zo yanzu sai sun yi tambaya kafin su gane wurin, domin inda suka bari gona da fili, yau gidaje ne da kantuna da makarantu. Gari ya ci daji. Amma akwai abu guda wanda bai gusa daga inda ya ke ba, watau al'adar nan ta mai bindiga ya fita bayan gari ya gwada ta. Bayan garin jiya kuwa shi ne ƙofar gidan wani a yau.

Kowa ya san dalilin da ya sa masu riƙe da bindiga suka yawaita a wannan yanki. Ran 29 ga watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, gari na biyu a girma a Jihar Adamawa, har suka sake masa suna. Mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola, waɗansu aka sauke su a sansanin Damare, waɗansu suka raɓa da 'yan'uwa a Vinikilang da unguwannin da ke kewaye. A tsakiyar watan Nuwamba na wannan shekara maharba da 'yan banga suka haɗa ƙarfi da sojoji aka ƙwato Mubi. Tun daga ran nan darajar maharbi ta ɗaukaka, kuma ya cancanta. Har mata ba a bar su a baya ba, domin sunan Aisha Bakari Gombi, sarauniyar maharba, ya kai ƙasashen waje. Da wutar Boko Haram ta lafa sai ga masu satar mutane don karɓar fansa, unguwanni da ƙauyuka suka sake komawa ga maharba da 'yan banga.

To, a nan gizo ke saƙa. Maharbin da, a gidan farauta ya tashi. Yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubansa ko maigidansa burgami da gora kafin a yarda ya taɓa bindiga, in kuwa ya yi ganganci a gaban manya ranƙwashi ne zai tuna masa. Yawancin samarin da suka shiga ƙungiyoyin tsaro daga 2014 zuwa yau ba su bi ta wannan makaranta ba. Wani tela ne, wani ɗan acaɓa, wani bai daɗe da barin makarantar sakandare ba. Zuciya suna da ita, amma zuciya dabam, tarbiyyar riƙon makami dabam. Tilas ne su koyi harbi, tilas ne kuma su koye shi a wani wuri. Wannan wuri, ko gonar wani attajiri ce ya ba da aro, ko gindin dutse, ko yashin bakin kogi da rani, shi ne filin koyon harbi wanda ba na gwamnati ba, ko an kafa masa allo ko ba a kafa ba.

Sojoji in za su yi gwajin harbi a filinsu sukan ba da sanarwa tun da wuri, su gargaɗi manoma da makiyaya da masu itace su nisanci wurin, su kafa jar tuta, su sa hafsa guda wanda ba mai ɗaga bindiga sai da izininsa. Ba don sun fi kowa tsoro suke yin haka ba. Sun san abin da ke hannunsu ne. Harsashin bindigar soja yakan yi tafiyar fiye da kilomita 2 in bai sami abin da ya tare shi ba, kuma harsashi in ya bugi fuskar ruwa ko dutse a karkace yakan yi tsalle ya canja hanya. Mai karatu ya tuna da abin da ke bakin Binuwai da rani: masunta cikin kwalekwale, masu noman rani, masu ɗiban yashi, mata masu wanki, yara masu kiwo. Wanda ya kafa gwangwani a bakin ruwa ya auna, bai san wanda ke bayan gwangwanin ba.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru game da wanda zai riƙe bindiga ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Manyan makamai irin na yaƙi sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuwa al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Madalla. Amma dokar da ke cikin littafi a Abuja ba za ta tsaya a bayan yaron da ya juyo da bakin bindiga wajen abokansa yana dariya ba. Wanda zai tsaya a nan, mutum ne. Saboda haka tambayar ita ce, wane ne wannan mutum, kuma me zai yi in an karya doka a gabansa?

Ƙa'idodin kansu ba su da yawa, kuma duk tsohon maharbi ya san su tun kafin a rubuta su da Turanci. A ɗauka kowace bindiga a ɗure ta ke. Kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba. Kada yatsa ya kusanci kunama sai an yi saiti. A san abin da a ke auna, a kuma san abin da ke bayansa. Bindigar toka tana da nata ƙarin. In an cika mata albarushi fiye da kima bututun yakan fashe ya tafi da yatsu ko ido, balle wadda maƙerin ƙauye ya ƙera da ƙarfen da ya samu. In an ja kunama ta ƙi tashi, ba a leƙa bakinta, ba a kuma juyowa a ce wa na baya "ta cije", sai a riƙe ta tana kallon inda aka auna har a sami minti guda ko fiye, domin sau da yawa wutar tana ci a hankali ne. In an harba ba a gaggauta zuba sabon albarushi, don kada a tarar da sauran garwashi a ciki. Mai shan taba kuwa ba shi da wurin zama kusa da gorar albarushi.

Sanin doka ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce kunya. Ga Alhaji wane, shi ya ba da filin, shi ya sayi babura biyu da tocila ya ba ƙungiya, ya zo da ɗansa yana so a nuna masa harbi. Wa zai ce a'a? Ga dattijo wanda ya shiga dajin Sambisa ya fito, yana magana yana nuna mutane da bakin bindiga kamar mai nuni da sanda. Wane yaro ne zai ce masa, "Baba, a sauke ta"? Sai kowa ya sunkuyar da kai, a yi murmushi, a kauce kaɗan. Yaran da ke kallo kuwa sun ɗauki darasi ke nan, cewa doka ta ƙananan mutane ce, kuma alamar ƙwarewa ita ce a daina kiyayewa. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

A ƙasashen da harbi ya zama wasa da sana'a sun daɗe da gane wannan rami, suka kuma toshe shi ta hanya biyu. Ta farko, kowa da ke filin, ko jiya ya shigo, yana da ikon ya ɗaga murya ya ce a tsaya in ya ga haɗari, kuma dole kowa ya tsaya nan take, sai daga baya a tambayi dalili. Ta biyu, a gasar harbi ta duniya wanda ya bari bakin bindigarsa ya juyo baya wajen jama'a, ko ta tashi ba da niyya ba, an fitar da shi daga gasar ke nan a ranar, ko da shi ne zakaran bara, ko da ba wanda ya ji ciwo. Ba a jira a ga jini. A Ingila, kulob ɗin harbi wanda gwamnati ta amince da shi ba ya karɓar sabon mutum ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai ya yi aƙalla wata 3 a ƙarƙashin idon na gaba da shi. Inda aka sassauta kuwa an ga sakamako. A watan Agusta na 2014, a Jihar Arizona ta Amurka, aka miƙa wa yarinya 'yar shekara 9 bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Uzi a wani filin harbi na kuɗi, iyayenta suna tsaye suna ɗaukar hoto. Bindigar ta fi ƙarfin hannunta, ta ɗaga sama, harsashi ya sami malamin da ke koya mata a ka, ya mutu. Mutumin ya san bindiga. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce a'a.

Ba sai an aro komi daga Turawa ba, domin tsarin yana nan a gida. Maharba suna da Sarkin Baka, suna da manya da ƙanana, suna da hukuncinsu na daji tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan iko a kai shi filin gwaji. A kowace ranar harbi a naɗa mutum guda mai kula da fili. Shi ba zai harba ba a ranar, ba zai riƙe waya ba, aikinsa kallo. Muddin a na cikin filin maganarsa ta fi ta kowa, har da ta Sarkin Baka da ta mai gonar. Kuma ya kamata Sarkin Baka da bakinsa ya faɗi haka a gaban yara, ya ce ko shi ne ya yi kuskure a tsayar da shi. Ranar da ƙaramin yaro ya ce, "A tsaya! Ranka ya daɗe, bakin bindiga," Sarki kuma ya sauke ya ce ya gode, ranar aka kafa doka. In kuwa ya harare shi, an rushe ta.

Laifi kuma suna suka tara, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Sabon shiga wanda ya manta yatsansa a kan kunama, ko ya matsa gaba kafin a ba da izini, gyara ya ke bukata ba tozarci ba. A tsayar da shi, a karɓi bindigar, a ja shi gefe a nuna masa, sa'an nan a mai da shi layi. Wanda aka kunyata a bainar jama'a a kan ƙaramin abu ba ya gyaruwa, ɓoye kuskurensa ya ke koya, wannan kuwa ya fi haɗari. In ya maimaita a rana guda, harbinsa na ranar ya ƙare, ya zauna ya kalli na wasu. In dattijo ne, bayan an tsayar da harbi sai a tura masa sa'ansa su yi magana a keɓe. Girmansa yana nan, bindigar dai ba za ta koma hannunsa ba sai wani jiƙon.

Amma akwai laifuffukan da ba su da gargaɗi na farko. Wanda ya nuna mutum da bindiga da gangan, ko da wasa, ko da ya rantse ba kome a ciki. Wanda ya zo a buge, ko giya ce ko ƙwaya. Wanda ya harba bayan an ce a tsaya. Wanda ya miƙa wa yaro ƙarami. Irin waɗannan sai a karɓe bindigar a wurin, a dakatar da su wata da watanni, a rubuta sunansu da ranar da laifin a littafin ƙungiya, a kuma sanar da rassan maƙwabta. Wannan na ƙarshe shi ne a ke yawan mantawa da shi. Ina amfanin a kori mutum a Vinikilang da safe, da la'asar ya haye gada ya sami sabuwar riga da sabon kati a Jimeta?

Sai babban cikinsu, watau gwajin maganin bindiga. Ba za a shiga gardamar ko magani yana ci ko ba ya ci ba, kowa da abin da ya gada. Abin da ba gardama a kansa shi ne gawa. A watan Janairu na 2018 'yan sanda a Jihar Katsina suka kama wani mai magani bayan an harbe wanda ya sha maganinsa don gwaji, ya mutu. A watan Yuli na wannan shekara a Jihar Imo mai maganin ne da kansa ya rataya layunsa ya ce a harbe shi, aka harba, ya mutu. A watan Oktoba na 2022 a Ƙaramar Hukumar Kaiama ta Jihar Kwara, yaro ɗan shekara 12 ya rasa ransa a hannun wansa, da bindigar tokar mahaifinsu, wajen irin wannan gwaji. Wanda ya yarda da maganinsa ya ɗaura wa kututture ko buhun yashi. Duk shugaban da ya tsaya aka auna ɗan Adam a gabansa da sunan gwaji, shi ne na farko da ya kamata a tuɓe, kafin a zo kan wanda ya ja kunama.

In kuwa har an ji wa wani rauni ko an rasa rai, magana ta bar hannun ƙungiya. Nan ne a ke jin kalmomin nan masu daɗin faɗi, tsautsayi ne, ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare, a rufa wa juna asiri. Haƙiƙa ba mai wuce kwanansa. Amma shari'ar Musulunci da kanta ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisan kuskure, ba ta ce tun da ƙaddara ce a tashi ba, dokar ƙasa kuma tana hukunta wanda ya jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci. Iyalin mamaci suna da ikon su yafe abin da ke nasu. Ƙungiya ba ta da ikon ta yafe a madadinsu, balle ta aika musu da manyan unguwa su matsa musu har su yi shiru. A fara kai mai rauni asibiti a Yola, a kai rahoto ofishin 'yan sanda, sulhu ya biyo baya.

Maharba suna da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Sun ce su masu sa kai ne, ba albashi, ba fansho, in aka riƙa dakatar da mutane wa zai shiga daji ranar da aka sace wani? Sun ce kuma in suka kai ƙarar mutum guda, a na iya fakewa da wannan a kwashe bindigogin kowa, ko a mai da abin hanyar karɓar na goro. Tsoron nan yana da tushe. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin ya bayyana cewa an dakatar da ba da lasin bindiga, alhali kuwa gwamnatoci suna ci gaba da neman taimakon maharba. Majalisar Tarayya ta zartar da shirin dokar kafa hukumar maharba da tsaron daji, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa hannu ba. A watan Mayu na 2025 Shugaba Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji. Watau a na so mutum ya yi aikin hukuma da makami, amma takardar da za ta kare shi tana wuyar samu. Wannan laifin gwamnati ne, kuma ya kamata Gwamnatin Jihar Adamawa da rundunar 'yan sanda su ware wa maharban Girei fili guda sananne, nesa da gidaje da bakin ruwa, su aiko da ɗan sanda ko tsohon soja mai koyarwa. Sai dai batun ƙarancin mutane bai karɓu ba. Wanda ba ya iya kiyaye bakin bindigarsa da rana tsaka a fili, ba shi ne a ke so ya biyo bayan mutum da dare a cikin duhun daji ba. Maharba sun fi kowa sanin haka.

Mai karatu da ke Agege ko Sabo ta Badun ko Shagamu yana iya cewa ina ruwansa da abin da a ke yi a ƙetaren Binuwai. Ruwansa ne ƙwarai. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan banga a garin Uromi na Jihar Edo suka tare wata babbar mota ɗauke da maharba 'yan Jihar Kano, sun taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka kashe 16 daga cikinsu. Ba abin da zai wanke wannan ta'asa, ba kuma laifin mamatan ba ne. Amma a duba a gani, waɗanda suka tare motar su ma 'yan sa kai ne, kuma ba a sami mutum guda a cikinsu wanda ya ce a tsaya aka tsaya ba. Cutar ɗaya ce, Kudu da Arewa. Daɗin daɗawa, ɗan Arewa mai gadi ko mai farauta a Kurmi ba shi da garkuwar da ta wuce sunan ƙungiyarsa. In an san ƙungiya da rajista da kati da littafi, an kuma san tana korar ɓata-gari, katin nan yana da nauyi a shingen hanya. In kuwa an san kowa ma yana iya samunsa, takarda ce kawai.

Ƙungiyoyin 'yan gida da ke Kudu sukan yi karo-karo su aika wa 'yan banga da maharban garinsu gudummawa, a sayi babur ko takalma ko tocila. In za a aika ta bana, ya kamata shugabannin su tambayi inda yaran ke gwajin harbi, da sunan wanda ke tsayawa a kansu, da mutum nawa aka dakatar bara. Sa'an nan su ware wani abu daga cikin kuɗin don a tara tudun ƙasa mai tsawo a bayan abin da a ke auna, a ɗinka jar tuta, a sayi usur, da akwatin magani da bandeji, da littafi mai kauri wanda zai zauna a hannun magatakarda.